Wa Ya Tsayar Da Kai? Tarihin Tsare Hanya Daga Lugu Zuwa Kwaltar Dogondutsi

Wani dare cikin hunturun bara na taso daga Dosso zan tafi Dogondutsi gaisuwar rasuwa. Motar haya ce, irin Hiace ɗin nan da ake cusa mu ciki kamar buhunan gero. Direba matashi ne, ƙafarsa kuwa nauyi gare ta a kan totur. Mun wuce Kore Mairuwa da ɗan nisa sai muka hango hasken tocila yana lilo a tsakiyar kwalta. Gefen hanya akwai wani abu baƙi mai kama da mota, ba fitila, ba rubutu, ba wata alama da ido zai kama. Direba ya ɗaga ƙafa, ya sake takawa, ya sake ɗagawa. Ina zaune kusa da shi, sai ya ce, "Malam, in tsaya ko in wuce?" Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Ɗana, kar ka tsaya, ɓarayi ne!" Wani tsoho kuma ya ce, "Yaro, tsaya, in hukuma ce ka wuce harbi za su yi."

Muka tsaya. Ashe ma'aikatan hukuma ne, kuma gaskiya suke da ita: direbanmu gudu yake yi na fitar hankali. Suka duba takardunsa, suka yi masa faɗa, muka ci gaba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗancan daƙiƙu biyar ko shida da mota cike da mutane ta kasa sanin ko doka ce a gabanta ko fashi.

Ni malami ne a makarantar horon malamai, tarihi nake koyarwa. Kafin nan na yi shekaru ina aji a wani ƙauyen Arewa da kwalta ta ratsa ta tsakiyarsa, makaranta a hagu, rijiya da yawancin gidaje a dama. Na taɓa rufe rajistar kira da sunan yarinyar da ba za ta sake amsawa ba, domin mota ta kwashe ta a hanyar komawa gida. Don haka ba ni cikin masu cewa a ƙyale direbobi su sha gudunsu. Tambayata ita ce: wane irin tsaro ne yake rage gudu, kuma me tarihinmu ya nuna game da mai ikon da yake tsayar da matafiyi?

Kafin zuwan mota

Tsayar da matafiyi ya girmi mota da ɗaruruwan shekaru. Fataken da suke tasowa daga Kano, Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro sun san cewa kowace ƙasa da za su ratsa tana da mai ita. Ayari yana da madugu, kuma babban aikin madugu shi ne ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Idan ayari ya sauka zango, manzon sarki ya zo da rana tsaka, a ƙirga jakuna da kaya, a yi ja-in-ja, a biya. Abin da ake saya da wannan kuɗi shi ne izinin wucewa, ruwan rijiya da kariya. Ba kullum ake yin adalci ba, akwai sarakunan da suka tsawwala. Duk da haka bafatake ya san bambancin mutum biyu: wanda ya zo da sunan sarki, fuska a buɗe, da wanda ya faɗo daga cikin daji da dare. Na farko ana ciniki da shi, ana iya kai ƙararsa. Na biyu kwari da baka ake ɗaukar masa.

A manyan masarautu alamar ta fi fitowa fili. Dogari yana sanye da ja da kore, da jan rawani, tun daga nesa ka san ko wane ne. Kalmar da muke amfani da ita yau ma, ɗan sanda, daga alama ta samo asali: mutumin da ake gani riƙe da sanda.

A nan Arewa kuwa iko ya rarrabu tsakanin gidaje. Sarkin Arewa yana Matankari, Baura yana Bagaji, Sarauniya tana Lugu. Dangin mahaifiyata daga wajejen Lugu suke, kuma tun ina yaro na lura da wani abu. Sarauniya ba mai yawo ba ce, zaman ɗaki al'adar sarautarta ce, amma babu wanda bai san inda ɗakin yake ba. Dutsen Tunguma da mutanen da suke kai ƙara gabansa, shi ma a gaban jama'a ake tambayarsa. Ko mutum ya yarda da wannan al'ada ko bai yarda ba, darasin tarihi a fili yake: ikon da kakanninmu suka amince da shi yana da mazauni sananne, kuma idon jama'a yana kansa.

1899: kaki da tuta ba su isa ba

Kada mu yi gaggawar cewa alama kaɗai ta wadatar, domin Lugu ce da kanta za ta ƙaryata mu. A watan Janairun 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi. Suna da kaki, suna da tuta, suna da takardar umurni daga Paris. Duk inda suka bi sai ƙone gari, kwashe hatsi da dabbobi, da kama mutane su yi musu dako. Ranar 16 ga Afrilu 1899 suka faɗa wa Lugu, inda mutanen Sarauniya Mangu suka tare su da kwari da baka. Faransawa sun ci garin, amma sun rasa sojoji huɗu, sun kuma ƙona harsashi kusan 7,000, mutanen Lugu kuma suka janye cikin kurmi. A watan Mayu rundunar ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni.

Abin da ya kawo ƙarshensu shi ne wasiƙa. Wani hafsa da ya bar rundunar, Peteau, ya rubuta abin da ya gani, labari ya kai Paris, aka turo Laftanar-Kanal Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet.

Idan na koyar da wannan babi nakan tambayi ɗalibaina: me ya raba wannan runduna da 'yan fashi? Amsar da muke cimma kullum ita ce, a aikace babu, tun daga ranar da suka yanke igiyar da ta ɗaure su da wanda zai tuhume su. Ke nan abu biyu ne suke mai da mai tsare hanya hukuma: a gan shi a san shi, sannan a sami inda za a kai ƙararsa.

Hanyar da ta ja iyaka

Mutane da yawa ba su san cewa neman hanya ne ya sa muka zama 'yan Nijar ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, kewaye da Sakkwato, ta bar wa Ingila abin da ke ciki. Ƙonni da Dogondutsi duk suna cikin wannan baka. Faransawa suka ga in za su je Damagaram sai sun bi ta arewa, inda rijiyoyi suka yi ƙaranci. Suka yi ta nema har aka gyara iyakar a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka ba su hanya mai ruwa. Kwaltar da muke kira hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Dogondutsi, Dankasari, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram da Diffa, jikar wannan ciniki ce.

Kakanninmu ne suka share ta da aikin tilas. Mai tsaronsu kuwa shi ne gardi-sarki, da jar hularsa da bulalarsa. Shi ba ya ɓuya, amma talaka ba shi da inda zai kai ƙararsa, domin a ƙarƙashin dokar 'yan ƙasa ta lokacin kumandan yana iya ɗaure mutum ko ya ci tararsa ba tare da alƙali ba. Sai a 1946 aka soke wannan doka, aka kuma haramta aikin tilas da dokar 11 ga Afrilu mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Tsoron mai kaki da muka gada, wanda yake sa dattijo ya tuɓe hula yana rawar jiki a gaban yaron da ya haifa, daga wannan zamani ya fito. Bayan samun 'yancin kai a 1960 hanya ta koma hannun 'yan ƙasa: jandarmomi, 'yan sanda, 'yan duwan, ma'aikatan gandun daji, kowa da aikinsa da kalar kakinsa. Yawan shingaye da karɓar na goro a manyan hanyoyin Afirka ta Yamma ya kai ga ƙungiyoyin UEMOA da CEDEAO suka kafa wani tsari na musamman a 2005 don ƙirga shingaye, kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba, da lokacin da direbobi suke ɓatawa.

Ɓuya da gudu tare suka taso

Maganar ɗan sanda ya laɓe don kama mai gudu ta samo asali ne daga inda mota ta fara yawa. A Ingila, lokacin da aka kafa 'yan sandan Landan a 1829, da gangan aka ba su shuɗin kaya don kada a ɗauke su sojoji, aka kuma sa wa kowannensu lamba a wuyan riga don a iya kai ƙararsa. A can ne kuma, a watan Janairun 1896, aka ci tarar wani Walter Arnold sule ɗaya saboda ya yi gudun kilomita 13 a awa inda doka ta ce kilomita 3. Ɗan sandan da ya kama shi a kan keke ya bi shi.

Da motoci suka fi ƙarfin keke, sai 'yan sanda suka koma laɓewa bayan shinge da agogo a hannu, suna auna lokacin da mota ta ɗauka tsakanin alama biyu. Masu motoci suka kafa ƙungiyar AA a 1905, suka ɗauki samari a kan kekuna suna yi wa direbobi ishara cewa akwai tarko a gaba. Da kotu ta ce yin haka hana hukuma aiki ne, sai suka sauya dabara: ma'aikacin ƙungiyar zai riƙa sara wa kowane mamba, ranar da bai sara ba, ka san akwai magana. Duk wanda ya taɓa ganin direbobinmu suna ƙyafta wa juna fitila a kan hanyar Ƙonni ya san wannan wasa bai mutu ba.

Faransa ta ba da misali mai amfani. A 2003 ta fara kafa na'urorin auna gudu masu ɗaukar hoto, da allo a gabansu yana sanar da direba. Mutanen da suke mutuwa a hanyoyinta sun ragu daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010, kuma raguwar gudu na cikin manyan dalilai. Tun 2013 kuma tana amfani da motoci marasa alama masu ɗauke da na'ura. Sai dai a lura da kyau: wannan mota ba ta tsayar da kowa. Hoto take ɗauka ta wuce, takardar tara ta iske mai mota a gida, yana kuma da damar ƙalubalantar ta. Na'urar ce a ɓoye. Babu wani mutum da zai fito maka daga duhu.

Darasin maƙwabta

Najeriya ta gwada hanyoyin biyu. A watan Fabrairun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, da kaki sananne da motoci masu rubutu. A 1992 kuma aka kafa rundunar SARS a Legas don yaƙi da 'yan fashi, kuma dabararta tun farko ita ce farin kaya da motoci marasa alama, don ɓarawo kada ya gane su. Dalilin yana da ma'ana. Amma da tafiya ta yi nisa, ƙorafi ya yi yawa cewa ana tare matasa a hanya, ana binciken wayoyinsu, ana karɓar kuɗi, ana azabtarwa, wanda aka zalunta kuma ba shi da suna ko lambar da zai kai ƙara da ita. Zanga-zangar Oktoban 2020 ta sa aka rusa rundunar ranar 11 ga watan. A Arewacin Najeriya an sami masu kare ta saboda matsalar 'yan bindiga, kuma damuwarsu gaskiya ce. Duk da haka, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a bakin iyaka muke, kuma babu direban da bai taɓa jin labarin masu tare hanya da dare ba. A irin wannan ƙasa, motar hukuma da ta kashe fitila ta ba ɗan fashi rigar aro kyauta.

Lissafin da kowane malami zai iya yi a allo

Yanzu bari mu juyo kan direba, don kada a ce na ɗora laifi gefe guda. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Direba mai lafiya yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, sannan motar ta ja kamar mita 55 a busasshiyar kwalta da birki mai kyau. Jimla ta haura mita 80. Mai gudun kilomita 50 kuwa, mita 14 ne kafin birki, 14 bayan birki, jimla 28. Ma'ana, a daidai inda mai gudun 50 ya tsaya cak, mai gudun 100 bai ma taɓa birki ba. In ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato 'ya'yanmu da ɗalibanmu. Shi ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a awa a wuraren da motoci suke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa.

Masu goyon bayan ɓuya suna da hujja: in direba ya san wurin shinge, zai rage gudu a nan kawai, ya rama a gaba. Haka ne. Amma wannan lissafin na mita 80 yana aiki a kan ma'aikacin da ya tsaya cikin duhu da tocila. Fitilar mota ta ƙasa ba ta haska wannan nisa. Ransa yana cikin haɗari, na fasinjoji ma haka, domin direban da ya firgita ko dai ya taka birki da ƙarfi motar ta kife, ko ya ƙara wuta. Motar da ta laɓe tana kama direba ɗaya bayan ya riga ya ratsa ƙauyen da gudu. Motar da ta tsaya a bakin gari da fitilarta tana walƙiya kuwa tana rage gudun duk wanda ya hango ta, tun kafin ya kai ƙofar makaranta.

Abin da ya rage gare mu

Ga hukuma roƙona gajere ne. In za a ɓoye wani abu, a ɓoye na'urar auna gudu. Wanda zai ɗaga hannu ya tsayar da mota kuwa, a gan shi: kaki, riga mai ƙyalli, fitila, alama tun daga nesa, mota mai rubutu, da rasit ga duk wanda aka ci tara. Rasit ita ce igiyar nan da ta haɗa ma'aikaci da wanda zai tuhume shi. Muna da dokar hanya, muna da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra, abin da ake buƙata shi ne talaka ya gan su a ƙauyensa.

Ga 'yan'uwana malamai, ku ɗauki yara ku fita fili, ku auna mita 28 da mita 80 da igiya, ku sa yaro ɗaya a kowane ƙarshe. Na gwada da ɗalibaina masu shirin zama malamai, kuma babu wanda ya manta. Ku koya musu tafiya suna fuskantar motoci, da tsayawa su duba dama da hagu kafin tsallakawa, manya su riƙe hannun ƙanana. Ku koya musu kakin kowace hukuma da aikinta, da cewa tambayar rasit cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Ga iyaye, kwamitin makaranta yana da bakin magana a gaban magajin gari. Ku nemi allon makaranta da tudun rage gudu a inda yara suke tsallakawa, ku rubuta, ku ajiye kwafi, ku koma in an yi shiru. Kada ku ba yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba babur. In kuna cikin motar haya direba yana gudu, ku yi magana, kada ku zama masu zuga shi don kuna sauri. Sauri ya haifi nawa.

Da muka isa Dogondutsi a daren nan, dattijuwar da ta ce kar a tsaya ta sauka tana gyara lulluɓi. Ta dubi direba ta ce, "Ɗana, yau Allah Ya kiyaye. Amma da ka tafi a hankali, da ka sami lokacin ganin ko su wane ne." Shi kuma ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Su ma da sun kunna fitila, da ban tambayi Malam ba." Na biya kuɗin mota na kama hanyar gidan rasuwa, ban ce musu komai ba, domin su biyun duk sun faɗi gaskiya.